Funfunar Saiwa: Abokiyar Noman da Ido Ba Ya Gani

 Filin kimiyya na allonmu yau zai leƙa ƙarƙashin ƙasa ne.

Duk wanda ya tashi a Dawanau ya san buhu. Akwai buhun gero, na dawa, na masara, na wake, na riɗi da na zoɓo. Kullum manyan motoci suna shiga kasuwarmu suna fita, wasu zuwa kudancin ƙasar nan, wasu zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Har ana cewa ita ce kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. In aka tambaye mu wa ya samar da abin da ke cikin buhunan nan, za mu ce manomi ne da ruwan sama da taki. Gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba. Akwai wata ƙaramar halitta da ke aiki a cikin saiwar shuka dare da rana, ba a biyanta ko sisi, kuma yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. Yau za mu ga ko wace ce ita, da yadda masana suke bambanta danginta ta hanyar alamomin DNA, da dalilin da ya sa suka damu su san yadda take haihuwa.

Wace ce ita?

Kowa ya san funfuna. Ita ce ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu a rufe. Lemar kwaɗi da ke tsirowa a juji da damina ita ma 'yar gidan ce. Wasu daga cikin 'yan wannan gida suna ɓata abinci, wasu suna sa wa shuka cuta. Wadda muke magana a kanta kuwa mai taimako ce. Tana zaune a cikin ƙasa kamar zaruruwa masu sirantaka ƙwarai, sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wani sashe nata yana shiga cikin saiwar shuka, saura kuma ya bazu cikin ƙasa.

Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Albert Bernhard Frank ne ya raɗa wa wannan zaman tare suna a 1885. Ya kira shi maikoriza, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin funfuna da saiwa. Shi ya sa a nan zan riƙa cewa funfunar saiwa. Nau'in da ya shafi gonakinmu yana zaune da kusan kashi 70 cikin 100 na jinsunan tsirran duniya. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, rogo, albasa da tumatir duk suna cikinsu. Kabeji yana daga cikin 'yan kaɗan da ba sa hulɗa da ita.

Tsohuwar abokiya ce ƙwarai. A wani wuri da ake kira Rhynie a Sikotlan an tono duwatsu masu ɗauke da ragowar tsirran da suka haura shekaru miliyan 400, aka kuma ga alamun wannan funfuna a cikinsu.

Kada mu haɗa ta da ƙullutun da muke gani a saiwar wake da gyaɗa in an tuge su. Waɗancan ƙullutai gidajen bakteriya ne masu jawo sinadarin naitirojin daga iska. Ita funfunar saiwa ba ta yin ƙullutu, kuma sai da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji ake ganinta.

Cinikin da ake yi a cikin saiwa

Shuka tana bukatar sinadarin fosforas don ta yi saiwa mai ƙarfi ta kuma cika ido. Shi ne ke cikin takin da manoma ke kira supa, yana kuma cikin kamfa. Ƙasar yankinmu mai rairayi tana da ƙarancinsa. Daɗin daɗawa, fosforas ba ya yawo a cikin ƙasa kamar yadda gishiri ke bin ruwa. Inda yake nan yake tsayawa. Da saiwa ta tsotse na kusa da ita, shi ke nan, sauran ya yi mata nisa ko da tazarar ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba.

A nan ne funfuna ke shigowa. Zaruruwanta suna ratsa ƙananan kafofin ƙasa da saiwa ba za ta iya shiga ba, su ɗebo fosforas da wasu sinadarai kamar zin, su kawo. A cikin saiwar tana yin wasu 'yan rassa kamar ƙaramar bishiya a cikin ƙwayar halittar shukar. Wannan 'yar bishiya ita ce rumfar ciniki. Funfuna ta miƙa fosforas, shuka ta biya ta da sukari da maiƙo da ta haɗa a ganyenta da hasken rana. Masana sun ƙiyasta cewa shuka tana iya ba ta daga kashi 4 zuwa kashi 20 cikin 100 na abincin da ta haɗa. Ita funfunar ba ta iya kammala rayuwarta sai da saiwa mai rai. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Me ya haɗa ta da ƙuduji?

Babu ɗan manomin da bai san ƙuduji ba, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa yana da kyau, amma yana manne wa saiwar dawa da gero da masara ya tsotse su har su ƙanƙance. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira.

Me yake jira? Yana jiran wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. An fara gano irin wannan sinadari a 1966 daga saiwar auduga. Masana sun daɗe suna mamakin abin da zai sa shuka ta fitar da abin da ke tayar da maƙiyinta daga barci. A 2005 wani masani ɗan Japan, Kohki Akiyama, da abokan aikinsa suka samo amsar. Ashe funfunar saiwa shukar take kira da wannan sinadari. In yunwar fosforas ta kama shuka sai ta ƙara yawan kiran. Ƙuduji kuwa yana laɓe ne kawai yana saurare. Shi ya sa ya fi addabar gonar da ta gaji.

In funfuna ta amsa kira ta shiga saiwa, shuka ta ƙoshi, sai kiran ya ragu. A arewacin Kamaru, inda ƙasa da yanayi suke kama da namu, wani masani mai suna Lendzemo da abokan aikinsa sun zuba funfunar saiwa a gonakin dawa da masara. A rahotonsu na 2005 sun nuna cewa ƙudujin da ya fito ya ragu. Ita kaɗai ba za ta kawar da shi ba, amma tana cikin masu taya manomi yaƙin.

Matsalar da masana suka fuskanta

To, tunda tana da amfani haka, me zai hana a zaɓi mai kyau a hayayyafa ta a raba wa manoma kamar yadda ake raba ingantaccen irin wake? Kafin ka zaɓi mai kyau sai ka iya bambanta ta da maras kyau, kuma a nan gizo ke saƙar.

Funfunar saiwa tana yin wasu 'yan ƙulle-ƙulle a bakin zaruruwanta, kamar ƙwan kifi amma sun fi shi ƙanƙanta sosai. Zan kira su ƙwai. Daga ƙwan ne sabuwar funfuna ke tsirowa. A da, masana suna jiƙa ƙasa su tace ta da rariya mai ƙananan ido, su tsince ƙwan a ƙarƙashin madubi, su duba launi da girma da kaurin ɓawo. Da haka aka raɗa wa jinsuna da yawa suna, yanzu sun haura 300. Sai dai ƙwai biyu suna iya yin kama kamar an tsaga kara alhali halinsu ya sha bamban. Mu ma mun san haka a kasuwa. Wake fari biyu suna iya kama a faranti, amma ɗaya ya nuna cikin kwana 60 zuwa 70, ɗaya kuma sai bayan an girbe dawa. Ido ba ya raba su. Saboda haka masana suka koma ga DNA.

Mene ne alamar DNA?

A darasin kimiyya an koya mana cewa kowane mai rai an gina shi da ƙwayoyin halitta. A cikin ƙwayar halitta akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye bayanan gado. Zan kira shi rumbun gado. Abin da ke cikin rumbun shi ne DNA, wani dogon zare da aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, T, C da G. Jerin waɗannan haruffa shi ne umarnin da ke sa gero ya zama gero, akuya ta zama akuya. Na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3. Na wata funfunar saiwa mai suna Rhizophagus irregularis, wadda aka fi yin bincike a kanta, an fitar da shi a 2013, kuma ya kai kusan miliyan 150.

Ba sai an karanta duka ba kafin a bambanta dangi da dangi. Dubi yadda ake yi a kasuwa. Buhuna ɗari suna jibge, duk farare, duk girmansu ɗaya. Ba wanda zai kwance su ya ƙirga ƙwayar da ke ciki. Shaidar da mai kaya ya rubuta a jikin buhu ake dubawa, nan take a san na wane ne. Alamar DNA ita ce irin wannan shaida. Wani ɗan guntun wuri ne a kan zaren da aka san yana bambanta daga dangi zuwa dangi.

Ga misalin alama ɗaya. Akwai wuraren da haruffa biyu ke maimaita kansu kamar mai in'ina: CA CA CA CA. A wani dangi maimaicin sau 8 ne, a wani sau 12. In ka auna tsawon wurin ka san da wa kake magana. Wata alamar kuma harafi ɗaya ne tak ya canza, wannan yana da A, wancan yana da G a daidai wuri guda. Wani Bature ɗan Ingila, Alec Jeffreys, shi ya fara nuna a 1984 cewa ana iya gane mutum da irin waɗannan wurare masu maimaici. Da irin wannan dabara ake tabbatar da dangantakar ɗa da iyayensa a yau.

Yadda ake karanta alamar

Mataki na farko shi ne a sami dangi ɗaya tsantsa. Tunda funfunar ba ta rayuwa sai da saiwa, sai a ɗauki ƙwai guda ɗaya a ɗora shi kusa da saiwar karas da ake rainonta a cikin faranti mai murfi. Wasu masana biyu a Kanada, Bécard da Fortin, su suka inganta wannan hanya a 1988. Bayan 'yan watanni farantin zai cika da zaruruwa da ƙwai dubbai, duk 'ya'yan ƙwai ɗaya.

Mataki na biyu, a niƙa su a wanke da sinadarai har DNA ya fito.

Mataki na uku, a kwafi ɗan wurin da ake so. Ana yin haka da wata hanya da ake kira PCR, wadda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, har ta sa ya sami kyautar Nobel a 1993. Na'urar tana ɗumama ruwan gwajin ta sanyaya shi, a kowane zagaye guntun ya ninka biyu. Ɗaya ya zama 2, ya zama 4, ya zama 8. Masu son lissafi su gwada: in aka yi zagaye 30, an haura biliyan ɗaya.

Mataki na huɗu, a auna. Ana zuba guntayen a gefen wani abu mai kama da kamu mai sanyi, a sa masa wutar lantarki. Gajerun guntaye suna gudu su yi nisa, dogaye suna tafiyar hawainiya. In aka haska, sai a ga layi-layi kamar matakala. Dangi biyu masu layi iri ɗaya a wurare da yawa 'yan'uwa ne na kusa. A yau akwai na'urorin da ke karanta haruffan kai tsaye, su duba wurare dubbai a lokaci guda.

Abin da alamomin suka tona

A Jami'ar Lozan ta ƙasar Suwizalan akwai wani farfesa mai suna Ian Sanders da ya shafe shekaru yana wannan aiki. Shi da ɗalibansa sun ɗebi ƙasa daga gona ɗaya a wani wuri mai suna Tänikon, gonar da girmanta kimanin hekta ɗaya ne. Suka ware dangogi na jinsi ɗaya suka raine su a faranti. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya ba mutane mamaki. Alamomin DNA sun nuna bambanci mai yawa tsakanin dangogin, ga shi kuwa duk gona ɗaya suka fito. Halinsu ma ya bambanta, har wani dangin ya ninka wani sau biyar a tsawon zaren da yake yi.

A 2010 suka gwada wasu zuri'o'in wannan funfuna a kan shinkafa a ɗakin rainon shuka. Wasu sun sa shinkafar ta ninka girma har sau biyar, alhali iyayen da aka samo su daga gare su ba su ƙara mata komai ba. Daga baya suka fita gona tare da masana na Kolombiya suka gwada a kan rogo, amfanin ya ƙaru. An sake irin gwajin a Kenya da Tanzaniya, aka ga cewa sakamakon ya danganta da dangin funfunar, da irin rogon, da kuma wurin da aka shuka. Wannan ya shafi Najeriya sosai, domin ita ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya.

Darasin a fili yake. Cewa gona tana da funfunar saiwa bai isa ba. Sai an tambaya wane dangi ne, kuma ko ya dace da shukar da ke wurin.

To, yaya take haihuwa?

Mun san hanyoyi biyu na hayayyafa. Ta farko irin ta rogo da rake da dankali ce. Ka yanki kara ka dasa, abin da ya fito kwafin uwarsa ne sak. Ta biyu irin ta gero da masara ce, inda bununi ke tashi daga wata shuka ya sauka a kan wata, a haɗa gadon uwa da na uba. Shi ya sa masara fara da ke kusa da ja take fitar da zangarniya mai ido biyu.

Har yau babu masanin da ya taɓa ganin funfunar saiwa tana barbara da idonsa. Saboda haka an daɗe ana ɗauka cewa kwafin kanta kawai take yi tun zamanin da. Wannan ya ɗaure wa masana kai, domin halittar da ba ta gauraya gado kurakurai sukan taru mata, cuta ɗaya kuma ta iya share ta gaba ɗaya. Yaya aka yi wannan ta daɗe haka?

Akwai wani abin mamakin kuma. Ƙwayar halittar mutum rumbun gado ɗaya gare ta. Zaren wannan funfuna kuwa ba shi da bango a ciki, rumbunan suna yawo kamar kifi a rafi, kuma ƙwai ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwansu. A 2001 Sanders da abokansa suka ce rumbunan da ke cikin ƙwai ɗaya sun bambanta da juna. A 2004 wasu masana biyu a Amurka, Teresa Pawlowska da John Taylor, suka ce a'a, iri ɗaya ne. Aka yi ta muhawara shekaru.

A 2011 aka gano cewa funfunar tana da sassan gado fiye da 50 irin waɗanda sauran halittu ke amfani da su wajen haɗa gadon uwa da uba. Sannan a 2016 masana a Jami'ar Otawa ta Kanada, ƙarƙashin Nicolas Corradi, suka duba rumbunan ɗaya bayan ɗaya. Suka ga cewa a wasu dangogin duk rumbunan iri ɗaya ne, a wasu kuma iri biyu ne suke zaune tare, kamar ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Suka kuma gano wani sashen gado mai kama da wanda lemar kwaɗi ke amfani da shi wajen gane abokin haɗuwa. An kuma ga zaruruwan dangi biyu suna haɗe baki su yi musayar abin da ke cikinsu. Waɗannan duka sawu ne da ke nuna cewa tana iya gauraya gado a ɓoye, kuma masana suna ci gaba da bin sawun.

Ɗan lissafi a kan allo

Ta yaya alama za ta nuna an yi gauraye alhali ba a gani ba? Ga misali da na shirya don mu fahimta.

A ce muna duba wurare biyu a kan DNA. Dangi na farko yana da maimaici 8 a wurin farko, da 20 a wuri na biyu. Mu rubuta shi 8 da 20. Dangi na biyu yana da 12 da 15. In kowa kwafin kansa yake yi, duk jikokin da za mu tsinta a gona ko dai 8 da 20 ne, ko 12 da 15. Alamomin biyu ba za su rabu ba, kamar ɗan jaki da uwarsa. Amma in muka tsinci mai 8 da 15, muka kuma tsinci mai 12 da 20, to an yi musaya a wani wuri. Masana ba sa yanke hukunci da wurare biyu kawai, domin kuskuren kwafi yana iya canza alama ɗaya. Sai sun ga irin wannan musaya a wurare masu yawa.

Ina ruwan Dawanau da wannan?

Ruwanmu ya yi tsaki kuwa. Kowa ya ji yadda iyayenmu ke kuka da tsadar taki duk damina. Wani ya rage faɗin gonar masara, wani ya bar ta ya koma gero. Duk abin da zai sa shuka ta ci moriyar ɗan takin da aka zuba, kuɗi ne a aljihun gida, daga ciki har da kuɗin makarantarmu.

A ƙasashe da yawa kamfanoni suna sayar da funfunar saiwa a leda ko kwalba. Wani binciken da aka fitar a 2022 ya gwada irin waɗannan kayayyaki daga nahiyoyi daban-daban, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada a tukwane ba su kama saiwa ba sam. In irin wannan leda ta iso shagunan kayan noma na garinmu, manomi ba zai iya dubawa da ido ya san gaskiya ba. Gwajin shuka ne zai nuna ko abin da ke ciki yana da rai, alamar DNA kuma ta nuna ko shi ne dangin da aka rubuta, ta kuma nuna bayan shekara ko baƙuwar ta zauna a gonar ko ta mutu.

Maganar haihuwa ma a nan take da nauyi. In kwafi kawai funfunar ke yi, dangi mai kyau zai zauna da kyansa, amma zai yi wuya a inganta shi. In kuwa tana gauraya gado, masana za su iya haɗa dangi biyu su fitar da wanda ya fi, kamar yadda cibiyar IITA da ke Kano da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya suke fitar da sabon irin wake da dawa. Amma kuma baƙuwar da aka kawo daga waje za ta iya cakuɗuwa da 'yan gida ta canza su. 'Yan gidan nan kuwa sun saba da zafin bazara da watanni bakwai ko fiye ba ruwa. Ya kamata a san su kafin a kawo musu kishiya.

Yankinmu ma wuri ne da ya cancanci a bincika. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin gida da haɗa shuka iri-iri. A Nijar da Burkina Faso kuma, masanan da suka yi aiki da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai sun ba da rahoto a 2000 cewa hatsin da aka shuka bayan wake ko gyaɗa yana samun funfuna a saiwarsa da wuri fiye da wanda aka maimaita hatsi a kan hatsi. Ashe abin da kakanninmu suke yi na juya shuka yana ciyar da ita. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, kuma ba ta da nisa da mu. Masu karanta alamomin funfunar gonakinmu a gobe suna iya fitowa daga cikin masu karanta wannan allo.

Abin da za mu iya gaya wa na gida

Ba sai mun jira na'ura ba kafin mu kula da wadda muke da ita. Haɗa gero ko dawa da wake da gyaɗa, da juya su shekara-shekara, yana ba ta saiwar da za ta zauna. Takin dabbobi da na juji da ya ruɓe yana gyara mata ƙasa. Yawan kaftu mai zurfi yana tsinka zaruruwanta. Barin gona fayau ba ko ciyawa na tsawon lokaci yana sa ta yunwa. Zuba takin fosforas fiye da kima yana sa shuka ta rage hulɗa da ita, don wanda ya ƙoshi ba ya neman ciniki. Wannan ba yana nufin a daina sa taki ba. Funfuna ba ta ƙirƙirar fosforas, ɗebowa take yi daga inda yake, don haka ƙasar da ba ta da shi dole a ƙara mata. A sa daidai gwargwado, kusa da gindin shuka, bisa shawarar malamin gona. In an ga ƙuduji kuma a tuge shi kafin ya zubar da iri.

Tambayar mako

An samo dangogin funfuna huɗu daga wata gona. Alamominsu su ne: 9 da 14, sai 9 da 14, sai 11 da 18, sai 9 da 18. Waɗanne biyu ne suka fi kama da kwafin juna? Wane ne ake zargin ya gaji alama ɗaya daga nan ɗaya daga can? Wane dangi na biyar za a so a tsinta don zargin ya ƙara ƙarfi? A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.